Allura da Zare a Sararin Samaniya

Daga cikin dukan abubuwan hawa da ɗan Adam ya ƙaga domin ya rabu da ƙasa, tun daga balan-balan mai tashi da zafin wuta har zuwa manyan jiragen da ke ƙetare tekuna da ɗaruruwan rayuka a cikinsu, babu wanda ya kai laimar shawagi, wadda ma'abotanta ke kira faraglaida, kusanci da sana'ar tela, gama idan aka shimfiɗa ta a ƙasa aka bi ta da kallo daga wannan kunne zuwa wancan, ba za a iske inji ba, ba za a iske katako ko bututun ƙarfe ba, sai yadi da zare da igiyoyi, da 'yan zobba waɗanda ba su cika tafin hannu ba. Nauyinta tsakanin kilo 3 ne zuwa 7, ana naɗe ta a cusa cikin jakar goyo, amma in an buɗe ta tsawonta ya kan kai mita 10 ko 12, ta ɗauki ƙaton mutum ta kai shi can inda mikiya ke kewayawa. Wanda ya taɓa halartar bikin Ista a Kwahu ta ƙasar Gana, inda tun 2005 ake tashi daga kan dutsen Odweanoma, ya ga wannan abu da idonsa. To, tun da yake abin ɗinki ne, duk mai keke a ɗaki ba ya rasa tambayar kansa, me zai hana in sayo yadi in ɗinka tawa? Amsar wannan tambaya ba ta zauna wuri ɗaya ba cikin shekarun nan saba'in da wani abu, kuma sauyawar tata ita ce abin da na ga ya cancanci a waiwaya a duba.

Magabata dai ba su da wannan tambaya, domin a zamaninsu maƙerin fiffike da mahayinsa mutum ɗaya ne. Malam Maƙƙari ya kawo a cikin Nafhuɗ Ɗibi cewa Abbas ɗan Firnas, masanin Ƙurɗuba wanda ya rasu a shekarar 887, ya yi wa kansa fikafikai ya tashi wata 'yar tazara, sa'an nan ya ji ciwo wajen sauka saboda bai yi wa kansa wutsiya ba. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa Jauhari, mawallafin ƙamus ɗin nan As-Sihah, ajalinsa ya zo ne a Naisabur lokacin da ya ɗaura fikafikan itace ya faɗo daga kan masallaci. Otto Lilienthal na Jamus, wanda ya tashi kimanin sau 2,000 da fikafikan da shi da ƙanensa suka harhaɗa, shi ma a wannan tafarki ya cika a 1896. Dukansu masu ilmi ne, ba wawaye ba, illa dai ba su da wani mai shaida a kan ingancin aikinsu sai ƙasusuwansu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, fiffiken ƙyalle na wannan zamani shi ma a cikin gida aka haife shi. Francis Rogallo injiniya ne a cibiyar binciken jiragen sama ta Langley a Amurka, ya daɗe yana tunanin fiffiken da ba shi da ƙashi ko ɗaya, wanda iska ce kaɗai za ta ba shi siffa, amma da ya ga shugabanninsa ba su ba abin muhimmanci ba, sai ya koma gida ya ci gaba tare da maiɗakinsa Gertrude, wadda ita ce ta ɗinka samfurin da ya fara aiki, da ƙyallen labulen ɗakin girkinta, suka kuma jarraba shi da iskar fanka. Sun nemi rajistar ƙirƙirar a 1948 aka ba su a 1951, daga baya kuma, sa'ad da hukumar NASA ta yi sha'awar sauko da kumbon Gemini da irin wannan fiffike, suka bar wa gwamnati ta yi amfani da hikimar tasu kyauta. NASA ta watsar da shirin a 1964, amma hotunan sun riga sun bazu, samari a Kalifoniya suka shiga ɗaura leda a kan gora suna gangarowa daga tudun rairayi. A cikin wannan shekara ta 1964 ɗin ne kuma Domina Jalbert, haifaffen Kanada mazaunin Fulorida, wanda sana'arsa ita ce ƙera abin wasan nan da ake sakar wa zare iska ta ɗaga shi, ya nemi rajistar fiffike mai ɗakuna, wanda shi ne kakan kusan duk wata laimar shawagi da ke sama a yau. Shekara guda bayan haka David Barish ya ruga a guje daga gangaren dutsen Hunter a jihar Niyok da wata laima mai shimfiɗa ɗaya, ya tashi, ya zaga wuraren wasan ƙanƙara yana tallar abin, bai sami masu saye ba.

Hikimar Jalbert ta isa a tsaya a kanta, domin wanda bai fahimce ta ba ba zai gane inda wahalar ɗinkin take ba. Yadi biyu ne, na sama da na ƙasa, an haɗa su da wasu yankakkun ƙyallaye a tsaye waɗanda ake kira haƙarƙari, kowanne an yanke shi bisa siffar fiffiken tsuntsu idan an dube shi ta gefe, mai kauri a gaba, mai sirancewa a baya. Tsakanin haƙarƙari da haƙarƙari ɗaki ne, bakinsa a buɗe ta gaba, bayansa a ɗinke, an kuma huhhuda haƙarƙarin domin iska ta ratsa daga ɗaki zuwa ɗaki. Da zarar mutum ya ja laimar ta fuskanci iska, sai ɗakunan su cika su yi tauri, abin da ɗazu tsumma ne a ƙasa ya zama fiffike sosai. Daga ƙarƙashinsa igiyoyi ke saukowa sahu-sahu, suna haɗuwa biyu-biyu ko uku-uku har su taru a madauri biyu da ke maƙale da mazaunin matuƙi, wajen mita 7 ƙasa da yadin, sa'an nan akwai linzami biyu da ke jan gefen baya, na dama da na hagu, da su ake juyawa, da su ake rage gudu. Ke nan siffar fiffiken duka, wadda ran mutum ke rataye a kanta, ba ta dogara ga komai ba sai ga yadda aka yanka yadin da kuma tsawon kowace igiya.

Wasan kansa ya kafu ne a watan Yuni na 1978 a ƙauyen Mieussy da ke tsaunukan Faransa, inda wasu abokai uku masu dirowa daga jirgi da laima, Jean-Claude Bétemps da André Bohn da Gérard Bosson, suka ga cewa kuɗin hayar jirgi ya yi musu yawa, alhali ga duwatsu Allah ya ba su kyauta. Suka hau gangaren Pertuiset da laimominsu na dira, suka ruga, iska ta ɗauke su, Bohn ya sauka a filin ƙwallon da ke kwari, mita 1,000 ƙasa da inda ya tashi. Laimomin wancan lokaci ɗakunansu bakwai ne ko tara, kuma a duk mita ɗaya da suka yi ƙasa ba su cin fiye da mita 3 a gaba, watau faɗuwa ce mai ladabi. Saboda haka duk mai ɗan basira sai ya shiga gyare-gyare, wannan ya ƙara ɗaki, wancan ya rage igiya, wani ya sauya yadin da wanda ba ya yoyon iska irin na filafilan jirgin ruwa. Zamani ne na ijtihadi, kuma ijtihadin larura, gama babu wani littafi da za a buɗe, babu malamin da za a tambaya. Har 1985, lokacin da Laurent de Kalbermatten na Suwizalan ya fitar da laimar da aka yi musamman domin tashi daga dutse, tazarar da ke tsakanin kamfani da ɗakin mai sha'awa ba ta wuce yawan kekunan ɗinki ba, kuma da yawa daga kamfanonin farko ɗakin wani ne ya bunƙasa.

Daga nan sai ƙofar ta fara rufuwa, ba da umurnin kowa ba. An yi gasar duniya ta farko da hukuma ta amince da ita a Kössen ta Ostiriya a 1989, gasa kuwa ba ta san haƙuri ba: kowa na neman fiffiken da ya fi tsawo, ya fi siranta, ya fi santsi. Ɗakuna suka tashi daga tara zuwa arba'in, zuwa sittin, har laimar gasa ta yau ta haura ɗari. Igiyoyi suka koma na zaren Dyneema da Kevlar, wasu kaurinsu bai kai milimita ɗaya ba. Yadin nailan na kamfanoni irin su Porcher na Faransa da Dominico na Koriya ya yi ta raguwa har murabba'in mita ɗaya ya zama giram 40, ko 32, ko 27. Aka shiga zura siraran sandunan roba a goshin fiffike domin kada bakinsa ya lotse. Sakamakon haka, laimar da talakan matuƙi ke hawa yanzu tana cin mita 9 ko 10 a duk mita ɗaya na sauka, kuma a 2021 an yi tafiyar da ta zarce kilomita 600 a Teksas ba tare da inji ba, sai bin iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa. Amma kowane taki na wannan ci gaba ya ƙara nisanta abin daga hannun mutum ɗaya. Zanen ya koma cikin kwamfutocin kamfanoni, kowa na ɓoye nasa, yankan ya koma ga na'ura mai yanka da haske, ɗinkin kuma ya ƙaura zuwa manyan masana'antu a Biyetnam da Siri Lanka da makamantansu, inda mata ke zaune sahu-sahu, kowace ta ƙware a gaɓa ɗaya ta aikin.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne shigowar masu shaida. Ƙungiyar DHV ta Jamus, wadda aka kafa a 1979, da takwarorinta na Faransa da Suwizalan, sun ga jana'iza ta yi yawa, sai suka shimfiɗa ƙa'idojin jarrabawa, waɗanda daga baya aka tattara a mizanin Turai mai lamba EN 926. Jarrabawar kashi biyu ce. A ta farko ana ɗaure laimar a bayan mota a filin jirgi, a fizge ta farat ɗaya, sa'an nan a ja ta har nauyin da ke kanta ya ninka mafi girman abin da aka ce za ta ɗauka sau takwas. A ta biyu ƙwararrun matuƙa ne ke hawa da ita can bisa tabki, da jirgin ceto yana jiransu a ƙasa, su karya mata gefe da gangan, su rufe mata baki, su tsayar da ita cik, su duba ko za ta farfaɗo da kanta, cikin daƙiƙa nawa, da juyi nawa, sa'an nan a ba ta daraja daga A, wadda ta dace da almajiri, zuwa D, wadda sai gwani. A Jamus doka ba ta yarda a tashi da laimar da ba ta bi ta wannan hanya ba, Faransa kuwa ta fi sassauci. Masu gasa sun daɗe suna kuɓuce wa wannan ƙa'ida, har 2011, lokacin da matuƙa biyu suka rasu a gasar duniya ta Piedrahita a Sifen, aka tsayar da gasar, aka kuma dakatar da laimomin da ba su da shaida. Haka jama'a suka koma taƙlidi, kuma ban ga aibinsu ba, domin wanda ba shi da kayan bincike, bin hukuncin masana shi ne hankali. A wannan zamani, wanda duk ya ce zai ɗinka laimarsa a gida, kallon mai taɓin hankali ake yi masa.

Ana cikin wannan hali ne wani injiniya ɗan Kataloniya, Pere Casellas, ya buɗe wani zaure a intanet mai suna Laboratori d'envol, ya rubuta manhajar zana laima wadda ya kira LEparagliding, da tsohon harshen kwamfuta na Fortran, ya sake ta ga duniya kyauta tare da cikakkun zane-zanen laimomin da ya ƙaga, bisa sharaɗin cewa kowa na iya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya ba wani. Ni a ganina wannan waƙafi ne, ko da mai shi bai kira shi da wannan suna ba. Mutum ya rubuta wa manhajar lambobi, watau yawan ɗakuna, da siffar haƙarƙari, da lanƙwasar fiffike, da inda kowace igiya za ta kama, ita kuma ta fitar masa da zanen kowane yanki daidai girmansa, da jadawalin tsawon igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Lissafin da a dā sirrin kamfani ne ya zama abin da ɗalibi zai zauna ya yi nazari a kansa da dare, kuma mutane a ƙasashe dabam-dabam sun ɗauki waɗannan zane-zane sun ɗinka sun tashi.

Sai dai kada mai karatu ya zaci aikin ya zama wasa. Fiffike mai ɗaki arba'in yankuna ɗaruruwa ne, ko wanne sai an buga takardar awonsa, an kwafe a kan yadi tare da ɗige-ɗigen da za su nuna inda zai haɗu da maƙwabcinsa, an yanke da almakashi ko wuƙa mai zafi wadda ke ƙone bakin zaren kada ya warware. Yadin kuwa yana da santsi kamar me, yana zamewa a ƙarƙashin ƙafar keke, ga shi ba a son a yi ta soka masa fil, sai dai a riƙe da siririn salatif mai manne ciki da waje, ko a bi ɗige da ɗige da yatsa. Telan da ya ɗinka babbar riga, in hannu ɗaya ya ɗara ɗaya da rabin inci, sai mai ita ya naɗe a kafaɗa, ba wanda zai sani. A nan kuwa kuskuren milimita ɗaya a kowane ɗinki, in ya maimaitu sau arba'in, ya zama santimita huɗu, kuma santimita huɗu sun isa su sa laima ta riƙa karkata gefe guda ko ta ƙi farfaɗowa in ta karye. Akwai kuma wata dabara mai zurfi: tun da kowane ɗaki kumbura yake yi in iska ta cika shi, dole a yanke yadin sama da faɗi a tsakiya, a matse shi wajen goshi da wutsiya, gwargwadon da in an yi yawa fiffike ya yi tamoji, in an yi kaɗan ya yi taurin kai. Sa'an nan ga igiyoyi, waɗanda in an jera su baki da baki za su kai mita 300 ko kusa da haka, kowace sai an auna ta tana ɗauke da nauyin kilo 5, an yi mata hanci a kowane ƙarshe, an ɗinke. Watanni ake yi ana wannan, falo ya cika da yadi, iyali su yi ta haƙuri. Riba ta kuɗi kuwa babu ita, domin sau da yawa laimar hannu mai shaida ta fi kayan ɗinkin sabuwa araha.

To, in ba larura ba ce, ba kuma arha ba, me ya rage? Abin da na fahimta shi ne neman sani. Mutumin da ya ɗinka haƙarƙari arba'in da hannunsa ya san dalilin da ya sa laima ke yin abin da take yi, sanin da mai saye a kanti ba zai same shi ba ko da ya shekara ashirin yana tashi. Wannan manufa ce mai daraja, ban kuwa yarda da masu yi mata dariya ba. Amma akwai abin da intanet ta mayar wa ɗakin mai sha'awa, akwai abin da ba ta iya mayarwa ba. Ta mayar da matani, ba ta mayar da ijaza ba. Kamfani yana ɗinka samfuri bayan samfuri, ya yaga wasu a bayan mota, ya ba matuƙan gwaji su wulaƙanta wasu bisa ruwa, kafin ya sayar da ko ɗaya. Wanda ya yi wata shida a kan laima ɗaya tak ba zai ɗaure ta a mota ya ja har ta yage ba, in kuma ya yi, to ba ita zai hau ba, wata zai sake ɗinkawa, wadda ita ma ba a gwada ta ba. Ga shi shi ne mai da'awa, shi ne mai shaida, shi ne alƙali, kuma kowa ya san yadda zuciya ke sassauta wa aikin hannunta. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, saboda haka ba na ganin ya halatta mutum ya fara koyon tashi da laimar da ya ɗinka, balle ya ɗauki wani a kanta. Masu hankali daga cikin maɗinkan nan matuƙa ne tun tuni, kuma suna bin abin daki-daki: makonni suna wasa da ita a fili ƙafarsu na ƙasa, sa'an nan ɗan tudun rairayi inda faɗuwa ba ta wuce ƙurjewa ba, sai daga baya su hau sama, bisa ruwa, da laimar ceto a ɗaure a ƙugu.

Wani abin sha'awa shi ne, ilmin bai tsaya yana gangarowa daga kamfani zuwa gida kaɗai ba. Laima mai shimfiɗa ɗaya, irin wadda Barish ya yi ta talla ba a saya ba, ta sake bayyana wajen 2010 a zauren Casellas da sunan Barretina, watau hular gargajiyar Kataloniyawa, kuma a kusan lokaci ɗaya kamfanin Ozone ya fitar da tasa mai suna XXLite, wadda nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Da yake babu yadin ƙasa, ɗinkinta ya ragu ƙwarai, ga ta da saurin tashi ko da iska kaɗan ce, shi ya sa ta zama abin da masu ɗinkin gida suka fi farawa da shi, ko da yake ba ta kai mai shimfiɗa biyu gudu ba, kuma saukarta na bukatar hannu. Mahaya duwatsu suka rungume ta, su hau da ƙafa su sauko ta sama, yau kuma kamfanoni da dama na sayar da irinta da takardar shaida.

Ko an gama ɗinki an tashi lafiya, aikin bai ƙare ba, domin rana na cin nailan, shafin da ke hana yadin yoyon iska yana gajiya bayan 'yan ɗaruruwan sa'o'i, igiyoyin Dyneema suna tsukewa da tsufa, na Kevlar kuma suna raunana a inda suke lanƙwashewa. Laimar kanti a kan mayar da ita wurin masu dubawa duk shekara biyu ko bayan sa'o'i ɗari zuwa ɗari da hamsin, gwargwadon abin da kamfaninta ya shar'anta, su auna yoyon yadin da na'ura, su tsinka igiya ɗaya ko biyu su ga ƙarfin da ya rage, su gwada tsawon sauran da jadawalin asali. Mai laimar gida shi ne zai rataya nauyin kilo 5 ɗin da kansa, ya ɗauko tef ɗin awo da jadawalin da manhaja ta ba shi tun farko, ya bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sauya duk wadda ta kauce da fiye da santimita guda.